Saura ƙiris in yi wa wata mai jego allurar da ba tata ba: ina neman shawarar na gaba da ni

Tambaya daga wata sabuwar nas a ɗakin masu jego

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan aiki. Wata bakwai ke nan da fara aikina a wani babban asibitin gwamnati, kuma tun watan jiya aka mayar da ni ɗakin masu jego. Abin da ya kawo ni gabanku ya faru ne a aikin daren makon da ya wuce, kuma har yau ban faɗa wa kowa a wurin aiki ba, ga shi ya hana ni barci.

A daren mu biyu ne a kan mata fiye da ashirin, abokiyar aikina kuma ta shiga ɗakin haihuwa da wata mai naƙuda. Akwai wata yarinya da aka kawo da jijjiga, ta haihu da yamma, aka ɗora ta a kan allurar magnisiyom salfet, giram 5 a ɗuwawu duk bayan awa 4. Da ƙarfe biyu na dare lokacin allurarta ya yi. An ɗauke wuta, janareta bai tashi ba, sai na haska fitilar wayata, na duba takardar magani, na ga an rubuta gado na 6, na zuƙi mililita 10 a sirinji, na nufi gadon. Na kira sunan da ke jikin takardar, dattijuwar da ke zaune a kan tabarma ta ce, "Na'am, ga ta nan, Sista." Har na juya matar, na goge wurin da auduga, sai na sunkuya in duba jakar fitsari, na ga babu jaka, babu roba. Nan gabana ya faɗi, domin na san mai jijjiga da robar fitsari take. Ashe masu aikin yamma sun matso da ita kusa da teburinmu don a riƙa sa mata ido, suka mayar da wata gadonta, ba a gyara lambar gadon a takarda ba, kuma su biyun sunansu ɗaya.

Na zubar da allurar, na haɗa wata, na yi wa mai ita. Tambayata guda biyu ce. Ta yaya ake riƙe ƙa'idojin ba da magani da aka koya mana a makaranta idan mutum shi kaɗai ne a cikin duhu da tarin marasa lafiya? Sannan tunda ba a kai ga cutar da kowa ba, shin wajibi ne in sanar da shugabar ɗakin, ko kuwa in yi shiru in ɗauki darasi?

Amsa daga wata ungozoma da ta daɗe a aiki

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya tsare, kuma ya ƙara tsarewa. Na karanta bayaninki sau biyu, kuma abin da na fara lura da shi shi ne cewa jakar fitsarin da ta cece ki ita ce abin da ya kamata ki fara dubawa tun kafin ki fasa kwalbar maganin. Magnisiyom salfet ba allurar da ake zuƙa a teburi a nufi gado da ita ba ce. Kafin kowane zagaye na giram 5 ɗin nan sai an tabbatar da abu uku a jikin matar: numfashinta bai gaza sau 16 a minti ɗaya ba, ƙafarta tana zabura idan an buga jijiyar gwiwa, kuma tana fitar da fitsari aƙalla mililita 30 a kowace awa. Dalili kuwa shi ne ƙoda ce ke fitar da maganin daga jiki, idan ta gaza sai ya taru a jini, zaburar gwiwa ta fara ɓacewa, daga nan numfashi ya yi rauni, idan ba a farga ba zuciya ta tsaya. Shi ya sa muke ajiye makarinsa a kusa, wato kalsiyom gulukonet giram 1, mililita 10 na mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, a yi shi ta jijiya a hankali. Da kin bi wannan tsari, da tun hannunki ba komai za ki isa gado na 6, ki nemi jaka ki rasa, magana ta ƙare a nan.

Kuma ina so ki fahimci inda ainihin haɗarin yake. Mace mai lafiyar ƙoda wadda aka yi wa giram 5 a ɗuwawu bisa kuskure, galibi za ta sha zafin allura da jin ɗumi a jiki, a sa mata ido, ta wuce. Wadda nake jin tsoro dominta ita ce mai jijjigar, domin da kin sa hannu a takarda cewa an yi mata, alhali ba a yi ba, sai ta shafe awa takwas ba magani, kuma idan ta sake faɗuwa kowa zai ɗauka maganin ne bai yi aiki ba. Kuskure ɗaya, mutum biyu ya taɓa.

Batun kiran suna kuwa, a nan ƙasar tamu sai an yi hattara fiye da yadda littattafan makaranta suka nuna. Mai jinya da ta ga nas a tsaye a kanta da farin kaya za ta ce "na'am" ko wane suna aka kira, ladabi ne a wurinta, ba ta ɗauke shi tantancewa ba. Saboda haka kada ki kira suna ki jira a amsa, ki tambaya ne: "Baiwar Allah, yaya sunanki? Yaya sunan maigidanki? Daga wane gari aka kawo ki?" Idan ba ta cikin hayyacinta ki tambayi mai jinya, amma ki tuna da alkunya, domin uwa da yawa ba za ta kama sunan 'yarta ta fari ba ko da kin tsare ta, kamar yadda mace ba za ta kama sunan mijinta ba a gaban surukarta. A irin wannan hali nakan ce a miƙo mini ƙaramin katin asibiti, in gwada lambarsa da ta jikin fayil. Ranar haihuwa, wadda Turawa ke dogaro da ita, ba ta da amfani sosai a wurinmu, tunda yawancin matan da muke karɓa daga ƙauye shekarunsu ma kintata su ake yi. Lambar kati ce ba ta ƙarya. Lambar gado kuwa, ki cire ta daga cikin abin da ake gane mutum da shi, gado na ɗaki ne, ba na mara lafiya ba.

A kan tambayarki ta biyu, ra'ayina shi ne ki faɗa, kuma ki faɗa gobe da safe. Takardar da ta ruɗe ki tana nan, al'adar sauya gado ba tare da gyara rubutu ba ma tana nan, kuma wadda za ta karɓi aikin dare bayanki ba lallai ta sunkuya ta nemi jaka ba.

Amsa daga wani mai harhaɗa magunguna

Hajiya ta gama magana a kan gane mara lafiya, ni kuma bari in taɓa ɓangaren da nake gani kullum daga tagar kantin magani na asibiti, wato gane maganin kansa. Ƙanwata, kin ce da fitilar waya kika zuƙi allurar. Ban ga laifinki ba, amma ina roƙonki da ki mayar da karanta jikin kwalba sau uku ya zama ɗabi'a: lokacin da kika ɗauko ta, lokacin da za ki zuƙa, da lokacin da za ki jefar da ita. Ƙananan kwalaben allura kama da juna suke yi ƙwarai, kuma kamfanoni suna sauya launin rubutunsu ba tare da sanarwa ba, don haka wanda ya saba gane magani da launi ko da wurin da ake ajiye shi a tire, wata rana hannunsa zai yaudare shi. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan yadda ake rikita kwalbar taranekzamik asid, wanda ake bayarwa don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, da ta maganin kashe zafi da ake yi a ƙashin baya kafin tiyata, aka riƙa zuba na farkon a cikin laka, mata suka mutu. Duka biyun a ɗakin tiyatar haihuwa ake ajiye su, kuma girmansu kusan ɗaya.

Wani abin da ya shafe mu musamman shi ne cewa yawancin magungunan da kuke bayarwa 'yan uwan mara lafiya ne ke sayo su a waje su kawo a leda. Wannan yana nufin nas ce mutum na ƙarshe, wani lokaci ma ita kaɗai, da zai duba ko abin da aka sayo shi ne aka rubuta, ko ƙarfinsa ɗaya ne, ko wa'adinsa bai wuce ba, ko yana ɗauke da lambar rajistar NAFDAC. Misalin da ya fi damuna shi ne seftiriyazon, allurar kashe ƙwayoyin cuta. Wani kwalin yana zuwa da ruwan haɗi zalla, wani kuma yana zuwa da lidoken domin a rage zafin allurar tsoka. Wanda aka haɗa da lidoken ba a yin sa ta jijiya ko kaɗan, saboda yana iya rikita bugun zuciya, amma mai gaggawa yakan fasa duk kwalbar da ya tarar a cikin kwali ya haɗa. Haka kuma ba a haɗa seftiriyazon da ruwan da ke ɗauke da kalsiyom, irin ruwan ƙarin da ake kira Ringa, a layi ɗaya, musamman ga jarirai sababbin haihuwa. Oksitosin kuma, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, sanyin firji yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda ya kwana a aljihu ko a kan teburi cikin zafin bazara ƙarfinsa raguwa yake yi, sai a yi ta mamakin yadda mahaifa ta ƙi tsukewa.

Fotasiyom kulorayid mai ƙarfi kuwa, da ni ke da iko, da ba zai kwana a tiren wani ɗaki ba. Ba a tura shi kai tsaye ta jijiya, sai an sirka shi a cikin ruwan ƙari an girgiza sosai, kuma kwalbarsa ta sha rikicewa da ta ruwan haɗa allura.

Amsa daga wani nas a sashen gaggawa na yara

Ni inda zan ɗan bambanta da Hajiya shi ne batun kai rahoto, amma kafin nan bari in ƙara da lissafi, tunda a wurinmu nan ne ƙafa ta fi zamewa. A lokacin damina atesunet, allurar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, muke yi dare da rana. Babba da yaron da ya kai kilo 20 ana ba su miligiram 2.4 a kowane kilo, yaron da bai kai kilo 20 ba kuma miligiram 3 a kowane kilo, a yi na farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa na 24. Kwalba mai miligiram 60 ana fara narkar da ita da mililita 1 na ruwan bayikabonet da ke cikin kwalin, sai ta washe, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishirin asibiti idan ta jijiya za a yi, kowane mililita ya zama miligiram 10, ko a ƙara mililita 2 kawai idan a tsoka ne, kowane mililita ya zama miligiram 20. Yaro mai kilo 10 yana buƙatar miligiram 30, wato mililita 3 na haɗin jijiya, ko ɗaya da rabi na haɗin tsoka. Idan wani ya haɗa, wani ya zuƙa, ba a rubuta komai a jikin kwalba ba, sai a ninka wa yaro magani ko a ba shi rabi. Shi ya sa ban yarda in yi allurar da ba ni na haɗa ta ba, kuma ban yarda da kintacen nauyin yaro da ido ba muddin akwai sikeli a ɗakin. A rubutu ma, wanda ya rubuta .5 ba sifili a gaba ana iya karanta masa 5, wanda ya rubuta 5.0 ana iya karanta masa 50, wanda kuma ya taƙaita ma'aunin insulin da harafin U ana iya ɗaukarsa sifili, 4 ta koma 40. Idan rubutun likita bai fito ba, a tashe shi ya gyara, fushinsa na minti biyar ne.

To amma maganar gaskiya, Sista, ki san halin shugabarki kafin ki buɗe baki. Na ga inda aka kai irin wannan rahoto da kyakkyawar niyya, aka wayi gari da takardar tuhuma a fayil ɗin wadda ta kai, aka bar abin da ya jawo kuskuren yadda yake. Tunda ba a taɓa kowa ba, ni a ganina ki gyara lambar gadon, ki ja kunnen masu aikin yamma a tsakaninku, ki bar shi a nan.

Amsa daga wata malama a makarantar koyon aikin jinya

Malam, tsoron da ka bayyana gaskiya ne, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ake jin sa ba. A watan Disamba na 2017, a asibitin jami'ar Vanderbilt da ke Nashville a Amurka, wata nas mai suna RaDonda Vaught ta je ɗauko maganin kwantar da hankali mai suna Versed daga akwatin magani mai aiki da kwamfuta. Ta buga haruffa biyu na farkon sunan, na'urar ba ta nuna mata shi ba, ta tsallake shingen na'urar, ta ɗauko bekuroniyom, wanda shi ma a rubutun Turanci da waɗannan haruffa biyu yake farawa, maganin da ke shanye tsokoki har da na numfashi. Matar da aka yi wa allurar, mai shekara 75, ta rasu. Nas ɗin ta amsa kuskurenta tun a ranar, amma duk da haka aka gurfanar da ita a kotu, aka same ta da laifi a watan Maris na 2022, aka yanke mata shekara uku na zaman sa ido ba tare da ɗauri ba. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ta yi gargaɗi a lokacin cewa irin wannan hukunci zai sa mutane su riƙa ɓoye kuskure. Ina koyar da wannan labari a aji saboda abu biyu da ke cikinsa. Na ɗaya, Versed ruwa ne, bekuroniyom kuwa gari ne da sai an narkar, kuma akwai gargaɗi a murfin kwalbar, amma hankalin da ya rabu biyu bai tsaya a kan ko ɗaya ba. Na biyu, asibitin da ke da na'urorin da mu ko a mafarki ba mu da su bai tsira ba, saboda ma'aikata sun saba tsallake shingen na'urar har abin ya daina ba kowa tsoro.

Inda ban bi ka ba shi ne shawarar a ja kunnen juna a ɓoye. Ƙa'idoji biyar da muke haddatar da ɗalibai, wato mara lafiyan da ya dace, maganin da ya dace, adadin da ya dace, hanyar da ta dace, da lokacin da ya dace, duka a wuyan mutum ɗaya suke ɗora nauyi, ba su ce komai ba a kan ɗakin da babu wuta, ko nas biyu a kan mata ashirin, ko takardar da ke ɗauke da tsohuwar lambar gado. Waɗannan ba a gyara su da jan kunne a tsakanin abokan aiki, sai wanda ke da ikon sauya tsari ya ji. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage cutarwa ta hanyar magani a 2017, da burin rage munanan illolin da za a iya kauce musu da rabi cikin shekara biyar, ta ƙiyasta cewa kurakuran magani suna cin dala biliyan 42 a duniya kowace shekara, kuma a kan gyaran tsari ta fi mayar da hankali. Kuskuren da aka tare kafin ya isa jiki shi ne mafi arhar darasi da asibiti zai samu, tunda babu gawa, babu mai ƙara.

'Yata, abin da zan ba ki shawara shi ne yadda za ki faɗa. Ki rubuta abin da ya faru a taƙaice, da lokaci, da abin da kika gani a takarda, da abin da kika tarar a gado, da matakin da kika ɗauka, ba tare da kin ɗora wa masu aikin yamma laifi ba, ba kuma tare da kin yanke wa kanki hukunci ba. Ki haɗa da shawarar gyara guda ɗaya da za a iya yi ba tare da an kashe kuɗi ba. Shugabar da aka kawo wa matsala tare da mafita da wuya ta ɗauko takardar tuhuma, kuma idan ta ɗauko, kwafin rubutunki yana hannunki.

Mai tambaya ta dawo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na bi shawarar Mama da ta Malama, na sami shugabar ɗakinmu bayan miƙa aiki da safe. Ta yi mini faɗa a kan zuƙar allura kafin duba numfashi da fitsari, kuma na karɓa, domin gaskiyarta ce. Daga nan ta sa aka daina rubuta lambar gado a saman takardar magani, ta ce duk matar da aka ɗora a kan magnisiyom salfet a manna mata filasta a wuyan hannu mai ɗauke da sunanta da lambar katinta, kuma duk lokacin da aka samu masu suna ɗaya a ɗakin a faɗa da baki a wurin miƙa aiki. Ta kuma kawo fitila mai caji ta ajiye a kan turolin magani. Yaya na sashen yara, ban samu takardar tuhuma ba, amma na fahimci dalilin da ya sa ka gargaɗe ni.

Ungozomar ta ƙara da cewa

Madalla, 'yata. Filastar nan ku riƙa rubuta ta da biro mai kama jiki, ku sake ta idan an yi wa mai jego wanka, domin ruwan zafi da man shafawa suna goge rubutun cikin kwana ɗaya. Sannan yau idan kin shiga aiki ki buɗe akwatin gaggawa ki ɗauko kalsiyom gulukonet ɗin da hannunki ki karanta wa'adinsa. Na taɓa neman sa da ƙarfe uku na dare a kan wata mata da numfashinta ya sauko zuwa 10, na tarar da kwalba ɗaya tak, ita ma wa'adinta ya wuce da wata biyar.